Gurbin Bayanau a Hausar Baka da Rubutacciyar Hausa: Misalai Daga Gombe da Kwatanci da Harshen Suwidin

1.0 Gabatarwa

Masana nahawun Hausa sun daɗe da yin ittifaƙi a kan cewa tsarin jimlar Hausa na asali shi ne aikau ya fara zuwa, aikatau ya biyo baya, sannan karɓau. Dangane da bayanau kuwa, abin da aka saba gaya wa ɗalibi a aji shi ne wai kalma ce mai yawo, tana iya zama a farkon jimla ko a ƙarshenta ba tare da ma'ana ta jirkita ba. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa yawon bayanau yana da iyaka, kuma kowane gurbi ya zauna akwai abin da yake ƙarawa a ma'ana. Duk sa'ad da aka ɗauko bayanau aka kai shi goshin jimla, ɗayan abu biyu aka yi: ko dai an yi shimfiɗa da shi don a ɗora magana a kansa, ko kuma an ƙarfafa shi don a nuna cewa shi ne ainihin saƙon. Mai magana da baki yana bambanta waɗannan biyun ba tare da wahala ba, amma rubutun boko ya zubar da wasu daga cikin alamomin da bakin ke dogara da su.

An ɗora bayanin a kan garin Gombe, inda Hausa ke zaune tare da harsunan da ke bin wasu hanyoyi dabam wajen ƙarfafawa. Daga baya za a kwatanta da harshen Suwidin, domin yana cikin harsunan da aka fi nazarin bambancin gurbin bayanau tsakanin magana da rubutu a cikinsu. Misalan Hausa da aka kawo an gina su ne bisa daidaitacciyar Hausa. Alamar tauraro (*) tana nuna jimlar da nahawu bai yarda da ita ba. Kalmar lamiri a nan tana nufin wakilin sunan da ke zuwa kafin aikatau ɗauke da alamar lokaci, kamar sun, suka, yana, yake, wanda wasu masana ke kira zagin aikatau.

2.0 Yanayin Harsuna a Gombe

Modibbo Buba Yero ne ya kafa masarautar Gombe a zamanin jihadin da ya fara a 1804, da hedikwata a Gombe Abba. Turawan mulki sun mai da hedikwatar Nafada a 1913, sannan Doma a 1919, wato inda garin Gombe yake a yau. Isowar jirgin ƙasa a 1963 da cinikin auduga da hatsi sun jawo baƙi daga ko'ina, kuma a ranar 1 ga Oktoba, 1996 garin ya zama babban birnin Jihar Gombe bayan an cire ta daga Jihar Bauchi.

A cikin jihar akwai Fulfulde, da harsunan dangin Cadi kamar Tangale da Bolanci da Tera, da kuma harsunan rukunin Adamawa kamar Waja da Tula da Dadiya. Hausa ce ke haɗa masu waɗannan harsuna a kasuwa da tasha da wurin ibada da gidan rediyo. Saboda haka yara da yawa a unguwanni irin su Jekadafari da Bolari da Pantami suna koyon rubuta Hausa alhali akwai wani harshen da ake yi a gidajensu. Ga irin wannan ɗalibi, duk abin da rubutu ya ɓoye sai malami ya fito masa da shi fili.

3.0 Gurabun Bayanau

3.1 Ƙarshen jimla

Gurbin bayanau na asali shi ne bayan aikatau da karɓansa. A nan ne yake zama idan ba a nufi wani abu na musamman da shi ba:

(1) a. Fatake sun sauke masara jiya.
b. Fatake sun sauke masara a Tudun Hatsi.
c. Fatake sun sauke masara da sauri.
d. Kasuwa ta cika maƙil.

Idan bayanau suka taru, galibi na wuri yakan gabaci na lokaci, kuma gajere yakan gabaci dogo:

(2) Fatake sun sauke masara a Tudun Hatsi jiya bayan an sauko daga sallar la'asar.

Wurin da aka nufa da aikatau na motsi yana manne da aikatau ɗin kamar karɓau. Ana cewa "Sun tafi Kumo jiya". Wanda ya ce "Sun tafi jiya, Kumo" ya tuno ne da sunan garin bayan ya gama jimlarsa, abin da baki ke haƙuri da shi amma alƙalami ba ya so.

3.2 Guraben da aka hana

Akwai gurabe biyu da bayanau na lokaci ko wuri ko yanayi ba ya shiga. Na farko shi ne tsakanin lamiri da aikatau, na biyu tsakanin aikatau da karɓau:

(3) a. *Sun jiya sauke masara.
b. *Audu ya sayi jiya masara.

Aikatau kamar saya yana nuna dalilin hani na biyu a jikinsa, domin wasalinsa na ƙarshe yana sauyawa gwargwadon abin da ya biyo shi: ya sayi masara, ya saye ta, abin da ya saya. Siffar sayi tana jiran suna karɓau ne, don haka bayanau ba shi da hanyar ratsawa. Ko a Bausanci, karin da ke maƙwabtaka da Gombe, inda ake jin "Ya sayo hatsi wa Audu" maimakon "Ya sayo wa Audu hatsi", abin da ya sauya shi ne jerin karɓau biyun, amma bayanau yana nan a bayansu.

Ƙananan kalmomi irin su dai da ma da kuwa su ne ke iya kutsawa tsakanin lamiri da aikatau, kamar a "Sun dai tafi" da "Ya ma manta". Ma'anonin da wasu harsuna ke bayyanawa da bayanau a tsakiyar jimla kuwa, Hausa da aikatau take bayyana su:

(4) a. Sun riga sun tafi.
b. Bai taɓa zuwa Kaltungo ba.
c. Ba ta cika fita ba.
d. Sun sake dawowa.

3.3 Goshin jimla

Bayanau masu nuna ra'ayin mai magana a kan jimla gaba ɗaya, kamar wataƙila da lalle da tabbas, a goshi suka fi zama, kuma ba su taɓa lamirin da ya biyo su: "Wataƙila sun iso", "Lalle sun yi ƙoƙari". Sauran bayanau kuwa, da zarar sun zo goshi sai batun shimfiɗa da ƙarfafawa ya taso.

4.0 Shimfiɗa da Ƙarfafawa

A dubi waɗannan jimloli:

(5) a. Jiya sun zo.
b. Jiya suka zo.

Jerin kalmomin ɗaya ne, amma jimlolin ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Jimla ta (5a) tana amsa tambayar "To, jiya fa, me ya faru?" An shimfiɗa jiya, sannan aka ɗora labarin zuwa a kanta. Jimla ta (5b) kuwa tana amsa tambayar "Yaushe suka zo?" Zuwan sananne ne, ranar ce sabon labari, kuma an kore shekaranjiya da yau. A (5a) an yi amfani da shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, a (5b) da na biyu. Haka abin yake a lokaci mai ci:

(6) a. A Dadin Kowa suna noman rani.
b. A Dadin Kowa suke noman rani.

Wannan bambanci ya sha nazari. Patrick McConvell ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan ƙarfafawa a Hausa a 1973, Philip Jaggar ya yi maƙala a kan shimfiɗa a 1978, Ismail Junaidu ya yi kundinsa a kan shimfiɗa a 1987, sannan manyan littattafan nahawu na Paul Newman (2000) da Jaggar (2001) da littafin Melanie Green (2007) sun faɗaɗa bayanin. Abin da ya fito daga waɗannan ayyuka dangane da bayanau ana iya taƙaita shi kamar haka.

Na farko, a magana ana ɗan dakatawa bayan shimfiɗa, kuma sau da yawa akan rufe ta da dai ko kam ko kuwa ko fa: "Jiya kam, sun zo." Bayan ƙarfafawa kuwa ba a dakatawa, sai dai a sa dirka: "Jiya ne suka zo." Dirkar da ke bin bayanau kullum ne ce, ko da sunan da ke cikinsa tamata ne. Ana cewa "A kasuwa ne suka haɗu", ba a cewa *"A kasuwa ce suka haɗu".

Na biyu, ba kowane bayanau ne ke karɓar shimfiɗa ba. Na lokaci da na wuri suna karɓar duka biyun. Na yanayi da amsa-kama kuwa, idan suka zo goshi lamiri na biyu suke nema:

(7) a. Da sauri suka fita.
b. *Da sauri sun fita.
c. Tsaf suka shirya.
d. *Tsaf sun shirya.

Dalili shi ne lokaci da wuri fage ne da ake iya share wa labari kafin a fara shi, amma yadda aka yi aiki wani ɓangare ne na labarin kansa.

Na uku, shuɗaɗɗen lokaci na biyu yana da wani aikin dabam, wato jero aukuwa a cikin labari. A jimla kamar "Da asuba sai suka tashi, suka ɗaure kaya, suka kama hanyar Dukku", ba a ƙarfafa asuba ba, labari ne kawai ke tafiya. Kalmar sai ce ke nuna haka. Idan aka cire ta, mai karatu zai iya ɗaukar jimlar a matsayin amsar "Yaushe suka tashi?"

Na huɗu, ba dole ne sabon labari ya zo goshi ba. Jaggar, da kuma Katharina Hartmann da Malte Zimmermann (2007), sun nuna cewa ana iya amsa "Yaushe suka zo?" da "Sun zo jiya", bayanau yana zaune a gurbinsa na asali.

4.1 Korewa

Korewa tana ƙara fito da bambancin fili, domin inda ba ta faɗa nan ne abin da aka kore:

(8) a. Jiya ba su zo ba.
b. Ba jiya suka zo ba.
c. Ba su zo ba jiya.
d. Ba su zo jiya ba.

A (8a) da (8c) zuwan aka kore, jiya tana wajen da'irar ba … ba. A (8b) an amince sun zo, ranar aka musanta. Jimla ta (8d), inda jiya ta shiga cikin da'irar, ta fi karkata zuwa ga ma'anar (8b), domin mai sauraro yakan jira a ce masa "sai yau da safe".

5.0 Abin da Rubutu Ke Ɓoyewa

Tun daga ƙa'idojin rubutu da Hanns Vischer ya fitar a 1912, har zuwa fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, rubutun boko na yau da kullum bai nuna karin sauti ko tsawon wasali ba. Taron Bamako na 1966 ya kawo ninka wasali don nuna tsawo, Jamhuriyar Nijar ta yi aiki da haka na wani lokaci, amma taron Yamai na 1980 da ya daidaita rubutun ƙasashen biyu ya bar tsawon wasali ba alama. Ga yadda wannan ya shafi lamirin shuɗaɗɗen lokaci, na ɗaya a hagu, na biyu a dama, an ninka wasali don nuna tsawo:

naa / na
kaa / ka
kin / kika
yaa / ya
taa / ta
mun / muka
kun / kuka
sun / suka
an / aka

Daga cikin tara, biyar sun bambanta a rubuce. Huɗu kuwa, wato na da ka da ya da ta, tsawon wasali ne kaɗai ya raba su, don haka rubutu ya haɗe su. A lokaci mai ci duka taran sun bambanta (ina da nake, yana da yake, har zuwa ana da ake). A lokaci na gaba na ɗaya da lokaci sabau kuwa babu siffa biyu ko a baki: "Gobe za su zo" da "Ran Juma'a sukan zo" dakatawa da amon murya ne kaɗai ke nuna ko shimfiɗa ce ko ƙarfafawa.

Abin bai tsaya nan ba. A ɗauka magatakardan kotu ya rubuta wannan jimla daga bakin mai ba da shaida a shari'ar bashi:

(9) Ranar Talata ya biya kuɗin.

Baƙaƙen nan biyu na ya suna iya wakiltar lamiri huɗu:

a. yaa, da dogon wasali da karin sama: ranar Talata dai, biya ya auku. Tambayar ita ce ya biya ko bai biya ba.
b. ya, da gajeren wasali da karin sama: ranar Talata ce ranar biyan, ba Litinin ba. Biyan ba a jayayya a kansa.
c. ya, da gajeren wasali da karin ƙasa, wato umurtau: ana umurtarsa ya biya ranar Talata. Bai biya ba tukuna.
d. yaa, da dogon wasali da faɗuwar kari, wato lokaci na gaba na biyu: ana sa ran zai biya ranar Talata.

Wanda ya ji maganar da kunnensa bai yi shakka ba. Wanda ya karanta ta bayan wata shida kuwa, yana iya ɗora wa mutum bashin da ya riga ya biya, ko ya wanke wanda bai biya ba. Sau da yawa jimlolin da ke kewaye sukan warware ruɗanin, amma a takardar shaida da sanarwa da kanun labari da saƙon waya, jimla takan tsaya ita kaɗai.

Abin lura shi ne karin harshen Yamma ba shi da wannan matsala a tsakanin (a) da (b), domin Basakkwace cewa yake "Ranar Talata yab biya", da ninkin baƙi, kamar yadda yake cewa sunka da munka. Ajami ma yana da hanyar nuna dogon wasali da alif, ko da yake marubutansa ba su bi ta bai ɗaya ba. Ke nan ruɗanin ya taso ne daga haɗuwar karin Kano, wanda aka gina daidaitacciyar Hausa a kansa, da ƙa'idar boko.

Akwai kuma wata al'ada ta Hausar jarida da rediyo, wato buɗe labari da "A jiya ne aka …" ko "A yau ne ake …". Bisa nahawu wannan ƙarfafawa ce, tana nuna cewa mai sauraro ya san aukuwar, ranar kawai yake jira. Ta dace da labarin bikin da aka daɗe ana sanarwa. Ba ta dace da labarin gobara ko haɗari ba, domin a nan aukuwar ce sabon labari. Yawan amfani da ita a kowane labari yana rage mata ƙarfi, har ɗalibi ya ɗauka ado ce kawai ta rubutu.

6.0 Kwatanci

6.1 Fulfulde da harsunan Cadi na Gombe

Littafin D. W. Arnott, The Nominal and Verbal Systems of Fula (1970), a kan Fulfulden Gombe aka gina shi. Ya nuna cewa Fulfulde ma tana da siffofin lokaci biyu masu kama da na Hausa, kuma ƙarfafa bayanau a goshi yana jawo siffa ta biyu:

(10) a. Mi warii hannde. "Na zo yau."
b. Hannde ngarmi. "Yau ne na zo."

A (10b) abubuwa uku suka sauya: ƙarshen aikatau, da baƙinsa na farko daga w zuwa ng, da kuma gurbin wakilin suna mi, wanda ya koma bayan aikatau. Duka ukun suna fitowa a rubuce. Bafillace ya san wannan bambanci daga harshensa, abin da zai ba shi mamaki shi ne yadda rubutun Hausa ke rubuta naa da na iri ɗaya.

Tangale da Bolanci kuwa, duk da kasancewarsu 'yan'uwan Hausa a reshen Cadi ta Yamma, wata hanya suka bi. A cikinsu aikau da aka ƙarfafa ko aka yi tambaya a kansa bayan aikatau yake komawa, kamar yadda Laurice Tuller (1992) ta bayyana game da Tangale, Russell Schuh da Alhaji Maina Gimba kuma game da Bolanci. Ke nan yaron da ya tashi da ɗayan waɗannan harsuna ba goshin jimla ya saba kallo don neman ƙarfafawa ba. A aji ɗaya a Gombe ana iya samun ɗalibai masu ɗabi'u uku game da wannan batu.

6.2 Harshen Suwidin

Harshen Suwidin ɗan'uwan harsunan Danmak da Norwe ne a arewacin Turai, kuma mutane kimanin miliyan 10 ke magana da shi a Suwidin da wani yanki na Finlan. Babbar ƙa'idarsa ita ce a ganga tsayayya aikatau mai ɗauke da lokaci shi ne na biyu a jeri, ko mene ne ya zo na farko:

(11) a. Han kom igår. (shi / ya zo / jiya)
b. Igår kom han. (jiya / ya zo / shi)
c. *Igår han kom.

Da bayanau ya hau goshi, dole aikau ya koma bayan aikatau. Masanin Danmak Paul Diderichsen ya tsara wannan a 1946 a matsayin jerin gurabe, kowanne da abin da ke shigarsa, kuma babban nahawun Suwidin mai juzu'i huɗu, Svenska Akademiens grammatik (1999), ya yi aiki da irin wannan tsari. A ciki akwai gurbi na tsakiya na bayanau irin su inte (kalmar korewa) da aldrig (ba a taɓa ba) da redan (an riga), wato ma'anonin da Hausa ke bayyanawa da aikatau kamar a misali na (4). Wannan gurbi yana bayan aikatau a ganga tsayayya, amma yana gabansa a ganga dogarau:

(12) a. Han kom inte. "Bai zo ba."
b. Hon sa att han inte kom. "Ta ce bai zo ba."

A makarantun Suwidin ana koyar da wannan da sunan ƙa'idar BIFF. Amma magana ba kullum take bin rubutu ba, kamar yadda nazarce-nazarcen Nils Jörgensen na shekarun 1970 a Jami'ar Lund suka nuna. Bayan aikatau kamar "ce", ana jin Hon sa att han kom inte, da tsarin ganga tsayayya, musamman idan mai magana ya ɗauki zancen a matsayin tabbas. Haka kuma a baki ana yawan sa ƙaramar kalma så bayan bayanau na goshi, a ce Igår så kom han, abin da ake gujewa a rubutu. Aikin så a nan ya yi kama da na dai da kam a Hausa, wato shata iyaka tsakanin shimfiɗa da abin da aka ɗora a kanta. Kalmar kanske (wataƙila) ita ma tana da sassauci, ana iya cewa Kanske kommer han ko Kanske han kommer.

Akwai kuma batun unguwannin da baƙi suka yi yawa, kamar Rinkeby a birnin Stokholm, inda Ulla-Britt Kotsinas ta fara nazarin maganar matasa a shekarun 1980. A can ana jin jimloli irin (11c). Kundin Natalia Ganuza na 2008 ya nuna cewa yawancin matasan sun san ƙa'idar kuma suna binta a mafi yawan maganarsu, saɓa mata ya fi fitowa ne a hira tsakanin abokai. Darasin da ke nan ga mai nazarin Hausar gari irin Gombe shi ne kada a yi gaggawar kiran kowane saɓani rashin iya harshe.

Idan aka jera harsunan za a ga bambancinsu. Harshen Suwidin yana juya aikau da aikatau duk lokacin da bayanau ya zo goshi, ba tare da kula da shimfiɗa ce ko ƙarfafawa ba. Idan ana son ƙarfafawa sai a danna murya, ko a ce Det var igår han kom, daidai da "Jiya ne ya zo". Hausa ba ta juya kome, lamiri take sauyawa, kuma a ƙarfafawa kaɗai. Fulfulde ta haɗa biyun: tana sauya siffar aikatau kamar Hausa, tana kuma juya wasu wakilan suna kamar harshen Suwidin. Dangane da rata tsakanin baki da alƙalami, a harshen Suwidin ratar a jerin kalmomi take, malami yana ganinta a takarda ya gyara. A Hausa kuwa jimlar da aka rubuta daidai ce bisa ƙa'ida, ma'anarta ce ta rabu biyu ko huɗu, don haka babu abin da jan biro zai kama.

7.0 Shawarwari ga Malamai da Marubuta

Ba sai an sauya ƙa'idar rubutu kafin a magance wannan matsala ba. Harshen yana da isassun kayan aiki:

(i) Idan shimfiɗa aka nufa, a sa waƙafi bayan bayanau, ko a ƙara dai ko kam: "Ranar Talata kam, ya biya kuɗin."

(ii) Idan ƙarfafawa aka nufa, kuma lamirin na ne ko ka ko ya ko ta, ko kuwa lokacin na gaba ne ko sabau, a sa dirka: "Ranar Talata ne ya biya kuɗin."

(iii) Idan ba a nufi ko ɗaya ba, a bar bayanau a gurbinsa na asali.

(iv) Idan umurni ne, a gabatar da kalmar da za ta nuna haka: "Dole ya biya kuɗin ranar Talata."

(v) A koya wa ɗalibi gwajin jam'i. Duk inda ya yi shakkar ya ko ta, ya mai da aikau jam'i ya ji abin da bakinsa zai faɗa. Idan sun ta fito, shimfiɗa ce. Idan suka ta fito, ƙarfafawa ce ko jeren labari. Idan su ta fito, umurni ne. Wannan gwaji ba ya bukatar sanin alamomin karin sauti, don haka ana iya fara shi tun daga firamare.

8.0 Kammalawa

An ga cewa gurbin bayanau na asali a Hausa shi ne ƙarshen jimla, cewa tsakiyar jimla a rufe take gare shi, kuma zuwansa goshi yana nufin shimfiɗa ko ƙarfafawa. Baki yana raba waɗannan da siffar lamiri da tsawon wasali da dakatawa da amon murya. Rubutu ya riƙe na farkon ne kaɗai, shi ma a lamiri biyar daga cikin tara na shuɗaɗɗen lokaci. Kwatanci da Fulfulde da harshen Suwidin ya nuna cewa kowane harshe yana da alamar da yake yi idan bayanau ya hau goshi, sai dai ta Hausa ce ke ɓacewa a kan takarda a wuraren da aka ambata. Aikin da ke gaban masu nazari shi ne ɗaukar maganganun mutane a kasuwanni da makarantun Gombe, a rubuta su da alamomin kari da tsawon wasali, a gwada su da rubuce-rubucen ɗalibai, domin a san yadda masu harsunan gida dabam-dabam ke sarrafa sun da suka idan bayanau ya gabace su.